Kwana Ɗari da Arba'in

Ruwa bai gama janyewa ba Atiku ya iso gida. Daga Lolo ya hau babur, hanyar babur ta ƙare a bakin fadama, ya tuɓe takalmi ya ƙarasa da ƙafa, akwati bisa kai. Shekara goma sha tara ke nan da aka kai shi makaranta kudu, daga makaranta ya zarce aikin injinan ruwa a Fatakwal. Gida sai dai ziyarar kwana uku in an yi sallah. Wannan karon ya ajiye aikin ya taho, domin likitan da ya duba mahaifinsa a Birnin Kebbi ya faɗa masa ta waya cewa zuciyar tsohon ta gaji. Magani zai rage kumburi, amma ba zai maido da ita ba. Atiku ya tambaye shi saura yaushe. Likitan ya ce wannan sanin Allah ne, sai dai in da nasa uban ne, ba zai yi lissafin da ya wuce wata uku ba.

Gidan Labbo ba katanga. Ambaliya ta narkar da ɗaki biyu da rumbu, ta bar zanen laka a jikin tsamiyar tsakar gida daidai ƙirjin mutum. An kafa zana an rufa tamfol, nan tsohon yake kwana da matarsa Tasallah. Atiku ya same shi bisa gadon kara a gindin tsamiyar, ƙafafu sun kumbura kamar turmi. Suka yi gaisuwa mai tsawo, Labbo yana yanke ta don ya ja numfashi. Tasallah ta kawo ruwa ta ajiye ba ta dubi fuskar ɗanta ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba.

Da gaisuwa ta ƙare, Labbo ya cire hula, ya zaro wani ƙullin tsumma daga cikin naɗinta, bai kai kan babban yatsa ba. Ya kwance shi bisa tafin hannun Atiku. Wani gari ne ja-ja baƙi-baƙi, ya fi yashi laushi, wanda in mutum ya yi atishawa shi ke nan.

Irin taba ne, kuma Atiku ya san labarinsa tun yana yaro. Kakansa ne ya zo da shi daga Dandi cikin kwale-kwale, tun ba a kafa shinge tsakanin nan da can ba. Taba ce mai faɗin ganye, mai kauri, mai danƙo a hannu. Daga Lolo har Madekali ta ƙetaren iyaka, masu saye da hanci suke gane ta, su ce tabar Labbo. Irin yana zaune cikin gora a rataye a rumbu, kowace shekara a ɗiba a shuka, kowace shekara a mayar da sabo. Ruwa ya tafi da rumbun da gorar. Wannan ƙullin Labbo ya ware shi ne don wani da ya roƙa bara, mantuwa ta hana ya ba shi.

"Ubana gora cike ya ba ni," in ji Labbo. "Ba ni barin ta wohi. Ina son in ga iri ya koma gora, sannan in tahi."

Atiku ya ce bai ga dalilin da mai ciwon zuciya zai ɗora wa kansa damuwar taba ba, abin da kowa ya san guba ne. Labbo ya ce tun ranar da likita ya hana shi ya ba da battarsa kyauta, ko ƙanshi bai ƙara shaƙa ba.

"Ban ce ka sha ba. Cewa na yi ka shuka."

"Kwana nawa take ɗauka, Baba?"

Tsohon ya lanƙwasa yatsu. Arba'in a fangali, wurin renon tsiro. Sittin bayan dashe ta yi fure. Arba'in kai ya bushe, iri ya nuna. Ɗari da arba'in ke nan. Atiku ya mai da su wata a ransa, ya samu huɗu da kwana ashirin, ya aza su kusa da ukun likita. Ya tambaya ko akwai dabarar da ake rage mata.

"Taba ba ta san gaggawa ba," in ji Labbo. "Kai ka shuka gobe. Ni zan jira."

Ya sa Tasallah ta nemo sabuwar gora mai faɗin wuya, da ƙwallayen tsamiyar da take tarawa in ta yi kunu. Washegari da Atiku ya dawo daga shuka, Labbo ya jefa ƙwallo ɗaya cikin gorar, ya toshe ta da totuwar masara, ya tura ta ƙarƙashin matashi. Kullum da safe haka.

Aikin ba irin wanda Atiku ya saba ba ne. An kwaɓa irin da busasshiyar toka cike da ƙwarya don ya watsu daidai, aka barbaɗa bisa ƙasa mai laushi da aka tankaɗe, ba a rufe ba, dannawa kawai aka yi da tafin hannu. Aka yi wa fangalin 'yar rumfar ciyawa iya gwiwa. Atiku ya huda gwangwani zai yi ban ruwa da shi, Labbo ya hana, ya ce ɗigon ya yi nauyi, zai binne irin. Tsintsiya ake tsomawa a ruwa a yarfa, safe da yamma. Kwana bakwai ba komai sai toka. Ran na takwas ƙasa ta yi wani kore-kore kamar gansakuka. Ran na ashirin ganye ya kai kunnen ɓera, gyare kuma ya gano wurin, yana yanke su ɗaya-ɗaya. Atiku ya dinga bin ramukan gyaren yana ɗura musu ruwa har su fito ya take.

Mai leƙo su kullum shi ne Sambo, taubashin Labbo, manomin shinkafa wanda ruwa ya cinye masa gona kaf. In ya shigo ba ya sallama sai ya tambaya ko tsohon ya tafi, domin shi ya riga ya auna fadamar da zai gada. Labbo ya ce masa ai Sambo ne zai riga shi, tunda kunyar shinkafarsa kaɗai ta isa ta kashe mutum. Atiku kuwa, Sambo ce masa yake Injiniya, yana tambayarsa inji nawa ya kawo wa tabar daga kudu, tunda ga shi da tsintsiya a hannu kamar sabuwar amarya.

Wata rana Sambo ya daina wasa na ɗan lokaci. Ya ce iyaka a rufe take, amma kogi bai sani ba. In Labbo ya yarda, gobe zai faɗa jirgi ya je Madekali, can da marfin kwalba ake auna irin taba, ya cika gorar nan kowa ya huta. Taba ai taba ce.

"In haka ne shinkahwa shinkahwa ce," in ji Labbo. "Je ka shuka 'yar waje ta buhu mu gani."

Ranar da ƙwallo na arba'in ya faɗa gora, akwai tsiro talatin da huɗu a fangali, kowane tsawon tafin hannu, ganye biyar ko shida. Bayan la'asar aka dasa su, don rana kada ta same su da rauni, a gefen kogi inda ambaliya ta bar sabuwar laka. Uku suka kwanta ba su tashi ba. Sambo ya ce a ja tiyo daga injinsa a malale wurin, Labbo ya aiko cewa taba ba shinkafa ba ce, ba ta son ƙafarta cikin ruwa. Atiku ya koma ɗaukar jarka, sahu goma sha biyu da safe, shida da yamma. Kafaɗunsa suka saɓule suka warke.

Kowace yamma yakan zauna bakin gadon kara ya ba da rahoto. Ta kai gwiwa. Ta kai ƙugu. Ganye goma sha huɗu. Ya ɗauko hoto a waya ya nuna, Labbo ya ce idonsa ba ya ganin komai a wannan gilashi, ya kama hannun ɗan nasa ya kai hanci, ya shinshina danƙon da ya manne a yatsu. Daga nan yake sanin an cika ruwa ko an rage. Tsohon yana ramewa ta sama yana kumbura ta ƙasa. Ya daina kwanciya sosai, sai a jingine, domin in ya miƙe numfashi yana ƙwace masa. Ranar da kwana casa'in suka cika, Atiku ya duba kwanan wata a wayarsa, ya ga wata ukun likita sun wuce. Bai faɗa wa kowa ba. Labbo ya jefa ƙwallonsa ya nemi kunu.

Ran na casa'in da shida kawuna suka fito, dunƙulen furanni kore a ƙolin kowace shuka. Ranar numfashin Labbo gajere ne, maganarsa guntu-guntu. Ya ce a karye kan kowace, don ƙarfi ya koma ganye, a bar uku da suka fi kyau ta gabas, su ne na iri. Kawunan da aka karye a tara su bakin hanya. Ukun nan kuma a ɗaura wa kowace kaba.

Atiku bai tambayi dalili ba. Wani ɓangare don kada ya wahalar da tsohon, wani ɓangare don yana ganin ya sani. Ya tuna da ƙulle-ƙullen da yake gani a gonaki yana yaro, tsumma da ƙaho da kwalba, na maganin ɓarawo da na bakin mutane. Ya sa kabar cikin wannan sahu. Ya karye kawuna ashirin da takwas, ya ga ba hikima a zubar da su bakin hanya, ya haƙa rami ya binne su su zama taki. Ukun gabas ya kafa musu sanduna don iska, ya ɗaure su da igiyar roba mai kyau. Kaba sai an je bayan gari an yanko, rana ta yi, bai je ba.

Furannin suka buɗe ran na ɗari daidai, dogaye, bakinsu ja-ja fari-fari. Kwana biyu bayan haka Labbo ya shiɗe da hantsi, leɓɓansa suka yi baƙi. Aka ɗauke shi a amalanke zuwa bakin titi, daga nan mota zuwa Birnin Kebbi, da Atiku da Tasallah. Gorar ma ta bi su, domin ko a shiɗen da hannu ya nuna ta. Aka cire masa ruwa, aka canza magani. Kwana huɗu suka yi, Sambo yana ban ruwa in ya samu sarari.

Sun dawo da azahar, an jingine Labbo a gindin tsamiya ke nan, sai ga Ni'ima, tsohuwa maƙwabciyarsu, ta shigo duba shi. Jiya aka yi sunan jikarta, lalle bai bar hannunta ba. Ta durƙusa ta yi ya jiki, ta yi addu'a, sannan ta yi murmushi, haƙoranta jawur kamar an shafa musu jan ƙasa. Ta ce ita da tsofaffin unguwa sun gode, furen bana ya yi kyau, ya kama baki da goro ɗaya tak. Sai dai Malam Labbo ya yi musu rowa, bakin hanya ba komai, gindi uku kawai ya bar musu a tsaye, da ƙyar ya ishe su.

Tasallah tana riƙe da ƙwarya, ta ajiye ta a hankali. Labbo ya juyo da kai.

"Atiku. Ka ɗaura kaba?"

"Ban ɗaura ba, Baba."

Murmushin Ni'ima ya tafi, ta kai gefen zane ta rufe bakinta.

Tasallah ce ta warware masa, tana kallon ƙasa, kamar da ƙasar take magana. Ta ce tun zamanin surukinta ba a hana mace furen taba a gidan nan. Da shi ake goge haƙori a haɗa da goro baki ya yi ja, 'yan mata sun bari amma tsofaffi ba su bari ba. Abin da aka karye ana tara musu bakin hanya su kwasa. Abin da aka bari a tsaye ba kaba, shi ma nasu ne. Wanda aka ɗaura wa kaba na iri ne, ko yarinya 'yar shekara biyar ta san ba a taɓa shi. Ba tsafi ba ne, magana ce.

Atiku ya tashi ya tafi bakin kogi. Sandunan suna nan, igiyar roba tana nan. Ukun gabas an karye su daidai wuya, karayar ta bushe ta yi baƙi. Ya duba ƙasa ko an yar da ko fure ɗaya, bai samu ba. Ya tsaya can har inuwarsa ta yi tsawo. Fushi ya zo masa, ya nemi wanda zai ɗora wa, ya rasa.

Da ya koma Ni'ima ta tafi. Labbo bai yi faɗa ba, bai kuma ce masa "ba komai" ba. Ya ce taba in an karye mata kai takan fitar da ɗiya a hammatar ganye. A sauran ashirin da takwas ɗin a ci gaba da tsinke ɗiyan kamar yadda aka saba. A ukun gabas a bar wa kowace guda ɗaya, na can sama, a tsinke saura. Kwana ashirin ɗan zai yi fure. Arba'in kai ya bushe.

"Sittin ke nan daga gobe," in ji Atiku.

"Sittin." Labbo ya daɗe yana neman numfashi. "Talatin da huɗu na yi shirin jira. Je ka yanko kaba."

Ya yanko. Ya ɗaura wa gindi ukun da ba su da kai, ɗauri biyu-biyu. Sambo ya tarar da shi yana ɗaurin, ya buɗe baki zai yi tsiya, ya fasa, ya gyara masa ƙullin ya fuskanci hanya yadda mai wucewa zai gani.

Ganye bai san abin da ya faru ba, ya ci gaba da nasa. Mako uku bayan karyar kai, ganyayen ƙasa suka fara nuna, korensu ya dushe, rawaya ta fito musu ɗigo-ɗigo, bakinsu ya sunkuya. Labbo ya ce a gwada da hannu, nunanne in an lanƙwasa shi ƙasa yakan ɓalle da ƙara, ɗanye kuwa sai ya yage. Biyu ko uku ake cira a kowane gindi, a bar na sama su jira mako mai zuwa. Atiku ya kawo na farko. Tsohon ya shimfiɗa shi bisa cinya, ya shafa shi tun daga tushe har baki, ya ce ita ce. Aka soke su a igiya aka rataye a inuwar zana, inda za su yi wasu kwana arba'in kafin su zama abin da masu saye suka sani. Atiku bai damu da su ba. Idonsa na kan ɗiyan nan uku, da suke miƙewa kamar ba su so.

Ran na ɗari da ashirin da bakwai suka yi fure, kawuna ƙanana, ba su kai rabin na farko ba. Sanyi ya wuce, zafi ya fara. Labbo ya daina cin tuwo, sai kunu cokali huɗu ko biyar. Magana ta koma ta hannu. Amma kowace safiya yakan laluba ƙarƙashin matashi, Tasallah ta cire masa totuwa, ya jefa ƙwallonsa da kansa. Ran na ɗari da arba'in ya jefa, ya riƙe gorar ya ɗan girgiza ta kusa da kunne, ya mayar. Bai dubi Atiku ba, Atiku ma bai dube shi ba.

Sambo ne ya ja Atiku gefe bayan mako guda. Ya ce shi ya san idon mai tafiya, taubashinsa ba ya kai Juma'a biyu. Ko dai a yanke kai ɗaya a shanya bisa kwano rana ta busar da shi cikin kwana uku a nuna masa, ko kuma shi ya je Madekali ya dawo kafin magariba. Iri duk kamarsa ɗaya, ko mai ido ba ya bambancewa, balle wanda idonsa ya tafi. Ƙarya ce, in ji shi, amma ba wadda Allah zai kama mutum da ita ba.

Atiku ya tafi gona ya tsinko kwanso ɗaya tak, kore shar, kamar kan ɗan yatsa, ya kawo ya sa a hannun mahaifinsa. Labbo ya tsaga shi da farce. 'Ya'yan ciki farare ne, masu ruwa, sun manne da juna. Ya murza su tsakanin yatsu, suka narke.

"Saura ashirin," ya ce. Muryar sai an sunkuya ake ji. "Kada ka yanke shi ɗanye don ni. Ɗanye ba ya tsirowa."

Ya ce in lokaci ya yi kwanson zai koma launin ƙasa, bakinsa ya fara tsagewa. A kama kan a kaɗa shi kusa da kunne. In an ji kamar yashi cikin ƙoƙo, a yanka. In ba a ji ba a bari, ko wa ya mutu.

Kwana biyu bayan haka ya jefa ƙwallonsa da safe, ya sha ruwa, ya cika ana kiran azahar. Kafin la'asar sakaliya an kai shi. Sambo ne ya shiga ramin ya karɓe shi, da ya fito kuma ya wuce gonarsa.

Zaman makoki bai hana rana zafi ba. Atiku yakan bar masu gaisuwa a tabarma ya ɗauki jarka. Kogi ya ja baya, sahun ya ƙara tsawo, ƙasa ta fara tsagewa. Tsutsa ta shiga kai ɗaya daga cikin ukun, kafin ya lura ta huda kwanson duka ta bar kashi. Saura biyu. Ya koma duba su ɗaya-ɗaya kowace safiya, yana murje duk abin da ya ga yana motsi. Wasu ranakun yakan tarar an riga shi, gindin biyun a jiƙe, ga sawun ƙafa ƙarama ba takalmi ya nufi unguwar su Ni'ima. Bai tambaya ba, ita ma in sun haɗu gaisuwa kawai take yi, bakinta a rufe.

Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, baƙi suka watse. Kwanso suka fara canza launi daga ƙasa, kamar yadda ganye ya yi. Kowace rana yana kaɗawa, ba ya jin komai. Sau biyu ya fito da wuƙa ya mayar. Ran na ɗari da sittin da bakwai, da hantsi, ya kama kai na farko ya kaɗa, ya ji shi, siririn sauti kamar yashi cikin ƙoƙo. Na biyu ma haka. Ya shimfiɗa faifai a ƙasa, ya sunkuyar da kawunan bisa shi kafin ya yanka, don kada ko ɗaya ya zube.

A gindin tsamiya ya murje su da tafin hannu. Ya tsince ɓawon, ya hura ƙaiƙayin a hankali, numfashi kaɗan-kaɗan. Abin da ya rage bai cika tafin hannu ba, amma ya ninka ƙullin hula sau da yawa. Tasallah tana zaune nesa kaɗan cikin kayan takaba, ba kwalli ba lalle, haƙoranta sun fara komawa fari. Ta shiga ta fito da gorar ta ajiye gabansa.

Ya cire totuwa ya juye ƙwallayen tsamiya bisa tabarma. Bai yi niyyar ƙirgawa ba, amma hannunsa ya saba, ya shiga ware su goma-goma. Tsibi goma sha huɗu suka tashi, ɗari da arba'in, ranar da iri zai shiga gora in da an ɗaura kaba. Sauran ya tattara a hannu. Tara ne.

Tasallah ta dubi tsibin, ta dubi hannunsa.

"Ya ce zai jira," ta ce. "Ya jira."

Atiku ya sa taran a aljihu. Ya naɗe takarda ya yi mazurari, ya ɗura irin cikin gora, ya toshe. Ya ɗauko tsani ya hau tsamiyar, ya wuce zanen lakar da tsawon mutum biyu, ya rataye gorar a inuwar wani reshe, ya kifa mata tsohuwar tasa don ruwan sama. Da ya sauko ya tambayi uwarsa inda tsumman nan yake. Ta ce yana cikin hular, hular tana cikin akwatinta. A wurin aikinsa ba a barin inji ɗaya ba na biyu a ajiye. Ya tsame abin da ya rage a faifai da yatsu uku, ya ƙulle a tsumman, ya mayar cikin naɗin hular, ya miƙa mata.

Ya tambaye ta yaushe ake shuka.

Ta ce in ruwa ya zo ya janye.